Askin Malet: Yadda Ake Tara Shi, Yadda Ake Yanka Shi, da Sunayen da Aka Laƙaba Masa

Akwai askin da idan mai shi ya tunkaro ka za ka ɗauka ma'aikacin banki ne, sai ya ba ka baya ka ga suma ta zubo har kan kwalar riga. Gaba gajere, gefe gajere, ƙeya kuma an sakar mata mara. Turawa na rubuta sunansa mullet, mu kuwa a bakinmu malet yake fita. Amurkawa har kirari suka yi masa, business in the front, party in the back, ma'ana gaba ofis, baya gidan biki.

Wanda ya gan shi a kan 'yan ƙwallo ko mawaƙa zai ɗauka abu ne mai sauƙi: ka aske gaba, ka bar baya. Ba haka ba ne. Askin gaba ɗaya yana rataye ne a wani ɗan wuri da bai fi faɗin yatsu uku ba a bayan kunne, inda gajeren gashi ke haɗuwa da dogo. Idan wurin nan ya yi kyau, aski ya yi. Idan ya ɓaci, sai ka zama kamar wanda aka ɗauke wa wuta ana tsakiyar yi masa aski.

Fara da sanin abin da sunan ke ɗauke da shi

Kafin ka zauna a kujerar mai aski, ya kamata ka san cewa sunan nan ba na yabo ba ne. Mullet sunan wani kifi ne, kuma tun ƙarni na 19 Amurkawa ke kiran dolo da mullet-head, mai kan kifi. A shekarun 1980, lokacin da askin ke tashe, masu yin sa ba su san shi da wannan suna ba. Sai a 1994, bayan yayinsa ya fara wucewa, mawaƙan Beastie Boys na Amurka suka fitar da wata waƙa suna yi wa masu askin shaƙiyanci, sunan ya bi shi. Babban ƙamus na Oxford ma su ya ambata a matsayin waɗanda suka yaɗa kalmar da wannan ma'ana.

Shi kansa askin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Marubucin tarihi Procopius ya ba da labarin samarin birnin Kustantiniya a ƙarni na 6, 'yan ƙungiyoyin goyon bayan tseren keken doki, waɗanda ke yanke gashin goshi su bar na baya ya yi tsawo, ana kiran salon da na Hunawa, wata ƙabilar mayaƙa makiyaya. A zamaninmu kuwa mawaƙin Birtaniya David Bowie ya fito da shi ja wur a 1972, takwarorinsa Rod Stewart da Paul McCartney suka yi nasu, sannan ya mamaye filayen ƙwallo da fina-finan shekarun 1980. Mawaƙin Amurka Billy Ray Cyrus ya kai shi ƙololuwa a 1992, daga nan ya zama abin dariya na kusan shekara ashirin da biyar. Ya dawo da ƙarfi a 2020, lokacin kullen korona, da shagunan aski suka rufe, mutane suka riƙa rage gaba da gefe da kansu a gaban madubi suna barin bayan da ba sa iya gani.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kowace ƙasa ke ɗora wa maƙwabciyarta laifin. 'Yan Denmark suna kiransa svenskerhår, gashin 'yan Suwidin. 'Yan Suwidin suka ce a'a, hockeyfrilla ne, askin 'yan wasan hoki. A Poland sunansa czeski piłkarz, ɗan ƙwallon Cek. A Hungary kuwa Bundesliga suke ce masa, sun jingina shi ga gasar ƙwallon Jamus. Jamusawan su ne suka yi abin a tsare kamar yadda suka saba: Vokuhila, gajarta jimlar vorne kurz, hinten lang, gaba gajere baya dogo. Idan mutum ya haɗa da gashin baki sai su ƙara masa Oliba a ƙarshen sunan. 'Yan Holan suna cewa matje, 'yar tabarma. A Kwibek ta Kanada an laƙaba shi ga garin Longueuil da ke tsallaken kogi daga Montiriyal, kamar dai yadda mutanen birni ke yi wa na bayan gari ba'a a ko'ina.

A Amurka sunayen sun fi yawa, kuma kusan duk suna nuna kudu da karkara: Kentucky waterfall, gangarar ruwan Kentaki, Tennessee top hat, malafar Tenesi, Mississippi mudflap, wato robar nan da ke reto a bayan tayar babbar mota don tare taɓo. Akwai neck warmer, abin ɗumama wuya, da 10/90, kashi goma a gaba, casa'in a baya. Duk waɗannan na tsokana ne. Kada ka shiga shagon aski a can ka nemi ɗaya daga cikinsu da gaske, sai dai idan kana son a yi dariya tare da kai.

Shawara kafin almakashi

Aski ne mai magana tun kafin ka buɗe baki, don haka ka duba inda kake rayuwa. A Ostireliya ya zama ruwan dare: garin Kurri Kurri na jihar New South Wales yana shirya bikin Mulletfest tun 2018, kuma Cameron Smith ya ci babbar gasar golf ta Open a St Andrews a 2022 da gezarsa tana leƙowa ta ƙarƙashin hula. A Iran kuwa, a 2010 hukumomi suka fitar da jerin askin da suka amince da shi ga maza, malet ba ya ciki.

A wajenmu akwai maganar ƙaza'i. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana aske wani sashe na kai a bar wani. Malamai da yawa sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, kuma wasunsu sun bambanta tsakanin a kankare wuri har fata da a rage tsawonsa kawai. Wannan yana da tasiri a aikace: malet ɗin da aka rage gefensa da almakashi ko da bakin kilifa mai lamba 3 daban yake da wanda aka share gefen ƙwal. Ka tambayi malaminka kafin ka tara sumar wata takwas, ba bayan ka tara ba. Ka kuma tuna da wurin aiki, da makaranta, da surukai. A Kano 'yan Hisba sun sha aske samari saboda salon askinsu.

Mataki na farko: duba irin gashinka

A nan yawancin bayanan da ke yawo a intanet suke yaudarar mai irin gashinmu. An gina malet ne a kan gashin da ke zubowa ƙasa da nauyinsa. Gashi mai santsi ko mai ɗan lanƙwasa, irin na Turawa da Larabawa da wasu Fulani, da ya kai santimita goma zai kwanta a wuya. Gashi mai murɗewa sosai ba ya zubowa, tashi yake yi. Ka ja silin gashi ɗaya daga ƙeyarka ka miƙar da shi, sannan ka saki: za ka ga ya koma rabin tsawonsa, ko ƙasa da haka. Saboda haka mai irin wannan gashi ba gangarar ruwa zai samu ba, tudu zai samu a ƙeya, kuma ko dai ya karɓi tudun ya gyara siffarsa, ko ya nemo hanyar sa shi ya sauka. Zan dawo kan wannan.

Ka duba kuma siffar kanka da madubi biyu. Mai faɗin fuska yana son gefe ya matse sosai, sama ta ɗan yi tudu. Mai doguwar fuska kada ya tara sama da yawa. Mai gajeren wuya ya tsaya a kan kwala, kada ya wuce. Wanda sanƙo ya fara ci, ya san cewa akwai sunan da ke jiransa: skullet, haɗin kalmar ƙoƙon kai da malet, sama fayau baya geza. Andre Agassi, wanda gezarsa ta yi suna a fagen tanis, ya faɗa da kansa a 2009 cewa saboda sanƙo gashin kanti ya sa a wasan ƙarshe na gasar Faransa a 1990, yana wasa yana fargabar kada ya faɗo.

Mataki na biyu: tara suma, wanda shi ne ainihin wahalar

Gashin kai yana tsiro kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da kwata a wata. Ba man da zai sauya wannan lissafi, komai abin da mai talla ya ce. Idan daga saisaye ka taso, kana bukatar wata uku zuwa huɗu kafin a ga alamar siffa, da wata bakwai zuwa tara kafin ƙeya ta kai santimita takwas zuwa goma. Mai murɗaɗɗen gashi ya ƙara wasu watanni a kai.

A wata biyun farko kada ka taɓa komai sai gyaran fuska. Daga wata na uku ka fara zuwa ana rage maka gefe kawai, duk bayan mako uku. Wannan ne ke sa mutane su gane da gangan kake yi, ba rashin kuɗin aski ba ne. Tsakanin wata na uku da na biyar akwai lokacin da gashin ƙeya ba gajere ba ne ba dogo ba, yana karkacewa ta bayan kunne kamar jelar agwagwa. Yawancin masu fasawa a nan suke fasawa. Hula ce maganinsa.

Babban haɗarin wannan lokaci hannun mai aski ne. Na taɓa raka wani abokina shago a wata na biyar da fara tarinsa. Ya zauna, ya ce a rage gefe, ya sunkuyar da kai yana danna waya. Mai askin, wanda ya yi shekaru yana share ƙeyar duk wanda ya zauna a gabansa, ya gama gefen dama, ya zagayo baya, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ƙarar kilifar ce ta sauya, ta yi nauyi, sai ga dunƙulen gashi ya faɗo a kan farin ƙyallen. Abokina ya ɗago.

"Maigida, me ka yi?"

"Na gyara maka bayan ne, yallaɓai. Ai ya taru da yawa."

Ba laifinsa ba ne sosai. Ba a gaya masa ba. Tun daga ranar nake cewa duk mai wannan niyya ya ɗora tafin hannunsa a ƙeya ya ce "nan kada a taɓa" kafin a kunna kilifa, kuma ya ajiye wayar.

Mataki na uku: zaɓi nau'i, ka koyi sunansa

Kalmomin da masu aski ke amfani da su na Turanci ne, kuma da su za ka nemo hoto, don haka ga waɗanda suka fi amfani.

Classic shi ne na shekarun 1980: sama gajere, gefe an rage da almakashi, baya dogo har kafaɗa, bambancin a fili yake ba a ɓoye shi. Modern mullet ya fi ladabi, bayan ba ya wuce kwala kuma an haɗa shi da sama a hankali. Shi nake ba mai farawa shawara. Fade na nufin gashi ya riƙa raguwa sannu a hankali har ya ɓace cikin fata, taper kuma ƙaramin hakan ne, a saje kawai. Burst fade shi ne raguwar da ke zagaye kunne kamar rabin faranti, ta bar faffaɗan layin gashi daga goshi har ƙeya, kuma shi ya fi dacewa da gashi mai murɗewa. Idan layin ya ƙara sirancewa ya koma mohawk, wanda kakanninmu za su kalla su ce zanko ne.

Akwai kuma 'yan uwansa. Wolf cut, askin kyarkeci, ya yi tashe daga Koriya ta Kudu, yana da gashi mai yawa hawa-hawa a sama da gefe. Shullet haɗin malet ne da wani aski mai hargitsi da ake kira shag. Mixie na mata ne, gajere sosai da ɗan tsawo a wuya. Rat tail, jelar ɓera, siririn gashi ne guda a tsakiyar ƙeya, kuma ba malet ba ne, ko da yake malet ɗin da aka matse bayansa fiye da kima can yake ƙarewa.

Duk da haka kada ka dogara da suna. Abin da mai aski ɗaya ke kira modern wani classic yake ce masa, wani kuma bai taɓa jin ko ɗaya ba. Ka je da hoto uku, gaba da gefe da baya, na mutum mai irin gashinka. Na gefen ya fi muhimmanci.

Mataki na huɗu: yankan kansa

Ko kai ne mai askin, ko kana zaune kana lura, ga yadda aikin ke tafiya. Kayan aiki: kilifa da bakunanta, almakashi mai kaifi, mataji, 'yan maƙalan riƙe gashi, kwalbar fesa ruwa da madubin hannu. Bakunan kilifa suna da lamba: 1 tana barin milimita 3, 2 tana barin 6, 3 tana barin 10, 4 kuma 13. Gashi mai santsi ana yanka shi da ɗan danshi. Murɗaɗɗe kuwa a bushe, bayan an taje shi ya miƙe, domin idan ka yanka shi a jiƙe ba za ka san inda zai tsaya ba in ya bushe.

Da farko a raba kai gida uku. A ja tsaga daga kusurwar goshi ta dama, ta bi saman gefen kai, ta zagaya ta ƙasan tsakiyar kai, ta dawo kusurwar hagu, kamar siffar kofaton doki. Abin da ke cikin wannan zagaye shi ne sama, a kama shi da maƙala. Sannan a sa yatsa a bayan kunne, za a ji wani ƙashi mai tudu. Daga tsagar sama a ja layi ya sauko ta kan wannan ƙashi, dama da hagu. Abin da ke gaban layin gefe ne, abin da ke bayansa ƙeya ce, a kama ta ita ma.

A dakata a nan a duba. Layukan nan biyu su ne iyakar gona. Idan ɗaya ya fi ɗaya matsawa baya ko da santimita ɗaya ne, gezar za ta karkace, kuma ba gyara sai an ƙara cin ɗaya ɓangaren. A tsaya a bayan mai kujera, kansa a miƙe, a auna da yatsu daga kowane kunne. Idan ana shakka, a bar bayan ya yi faɗi. Ana iya ragewa daga baya.

Sai gefe. A fara da lamba 4, daga ƙasa zuwa sama, ana kaɗa hannu waje idan an kusa tsaga don kada a bar layi. Idan ana son ya fi haka matsewa, a sauko lamba 3 a tsaya ƙasa da inda 4 ta tsaya, sannan 2 ƙasa da haka. Mai son burst fade zai yi wannan ne a zagaye, kunne a tsakiya, mafi gajarta a jikin kunnen, tsawo na ƙaruwa yayin da ake nisa da shi. Wanda bai ƙware ba kada ya fara da ƙaramar lamba.

Sama ba ta da wuya. A sake ta, a ɗaga gashi tsakanin yatsu biyu, a rage zuwa santimita huɗu zuwa bakwai. A riƙa shigar da bakin almakashi a tsaye cikin ƙarshen gashin maimakon a yanke shi a kwance, don kada ya fito kamar an kifa ƙwarya an bi gefenta.

Yanzu wurin da na ce komai na rataye. A saki ƙeya. A ɗauki siririn yanki a tsaye daga tsakiyar kai zuwa wuya, a haɗa da ɗan gashin sama da aka riga aka yanka, shi ne ma'auni. A ja gashin waje, ya miƙe daga fatar kai, a karkata yatsu yadda ɓangaren sama zai yi daidai da ma'aunin, tsawo kuma ya riƙa ƙaruwa yayin da ake sauka. Haka za a bi yanki bayan yanki zuwa dama, a dawo tsakiya a bi zuwa hagu. Wannan ne ke sa bayan ya sauko hawa-hawa, maimakon ya zama labule guda mai nauyi da aka liƙa a ƙarƙashin gajeren aski.

Da an iso layin bayan kunne, a ajiye kilifa. A sa mataji a kwance a jikin kai, a ɗaga shi kaɗan, a yanke abin da ya leƙo ta haƙoransa da almakashi, ana jan matajin baya ana ƙara buɗe shi. Tazarar da ake haɗawa ba ta wuce yatsu biyu zuwa uku ba. Idan ta yi faɗi, an cinye gezar. Idan babu ita sam, sai a ga mataki kamar na bene. Mai aski nagari zai ɓata minti goma a nan, yana ja da baya yana kallo, yana juya kujera. Idan naka ya wuce wurin cikin daƙiƙa talatin, ka nemi madubi.

Ƙarshen gashin baya shi ne na ƙarshe, kuma santimita ɗaya ya isa, don a cire tsagaggun bakuna kawai. Gashin da ya tsiro a gefen wuya, wajen iyakar gezar, a share shi.

Idan kai kaɗai ne a ɗaki da madubi biyu, ka yi gefe da sama, ka bar haɗin baya ga wani. Hannu a madubi juyawa yake yi, kuma ba wanda ke ganin bayan kunnensa da kyau.

Ga mai murɗaɗɗen gashi

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar shi yadda Allah ya yi shi. A yi burst fade, a taje sama da baya su miƙe, a sassaƙa siffar da kilifa ba baki, a hannu, yadda ake gyara afro, ana barin ƙeya ta fi sama tudu kuma ta sauko ƙasa da layin da aka saba tsayawa. Bayan haka a shafa ɗan mai, a murza da soson gashi mai ramuka a zagaye, gefe guda kullum, har ya dunƙule ƙanana-ƙanana.

Idan kana son ya sauka da gaske, sai ka ba shi nauyi. Murɗa shi biyu-biyu idan ya kai santimita bakwai ko takwas yana sa ya rataya. Kitso ma haka, dada ma haka, sai dai ita dada ba a warware ta cikin sauƙi, kuma ka san kallon da ake yi wa namiji mai kitso ko dada a unguwarku.

Hanya ta uku ita ce man sassauta gashi. Baƙaƙen Amurka sun bi ta a shekarun 1980 da salon Jheri curl, irin na mawaƙi Lionel Richie a wancan lokaci, wanda ke bukatar a riƙa fesa masa mai kullum har ya ɓata kwalar riga da matashin kai. Ni ban ba da shawararta ba. Sinadarin yana ƙona fatar kai idan ya wuce lokaci, yana karya gashi, kuma duk bayan wata biyu sabon tsiro zai fito a murɗe a ƙarƙashin sassautaccen. Idan ka nace, ƙwararre ya yi maka, kuma kada ka sosa kai kwana biyu kafin ranar.

Kulawa

Gefe yana bukatar komawa shago duk mako biyu zuwa uku, in ba haka ba siffar ta ɓace. Baya kuwa sau ɗaya a wata biyu ya isa. Mai santsin gashi ya wanke sau biyu ko uku a mako, mai murɗaɗɗe sau ɗaya, sannan ya bi da man kaɗanya ko na kwakwa kaɗan tun gashin na da danshi, a kan gashin ba a fatar kai ba, don yawan mai a fata yana tayar da amosani. Taje shi daga ƙarshe zuwa tushe. Da dare ƙeya ce ke gogar matashi, don haka da safe za ka same ta a kwance gefe guda. Ruwa kaɗan da yatsu sun fi mataji gyara ta.

Ka lura da zafi. An yi wa askin nan laƙabin abin ɗumama wuya ne a ƙasashen da ake neman ɗumi. A inda rana ke kai maki arba'in, zufa za ta taru a ƙarƙashin gezar, ƙuraje su biyo baya. Ka riƙa ɗaga ta kana busar da wurin bayan wanka. Abu ɗaya dai da za a yaba masa: masu fama da ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda yawan kankare wurin da reza ke tsanantawa, sukan samu sauƙi idan aka daina bin wurin da aska. Idan ƙurajen sun riga sun yi tudu, wannan aikin likitan fata ne.

Tsawon da za ka kai ya rage naka. Tami Manis ta jihar Tenesi ta daina yanke bayan nata a 1990, kuma da kundin Guinness ya auna shi ya kai santimita 172 da ɗoriya, ya fi mutane da yawa tsawo. A kitse take ajiye shi.

Ranar da ka gaji

Fita ta fi shiga sauƙi, kuma hanya biyu ce. Ko dai ka daina taɓa gefe da sama na wata uku ko huɗu kana rage baya kaɗan-kaɗan har su haɗu, ko ka zauna a sauke gezar a zama ɗaya. Idan ta biyun ka zaɓa, ka ce a fara da lamba 4, domin fatar ƙeyar da ta yi watanni a inuwa takan fi ta wuya haske, kuma idan aka share ta ƙwal za a ga bambancin har tsawon mako biyu.

Abokin nan nawa ya sake tarawa daga farko, ya kai wata tara, aka yi masa askin yadda yake so a wannan shagon dai, hannunsa a ƙeya har aka kunna kilifa. Ya yi sati shida da shi. Ranar da za a kai gaisuwarsa gidan su yarinyar da yake nema, kawunsa ya dube shi ta gaba ya ce madalla, sannan ya ce ya juya.